Salula Ta Canza Hannu

Sila ya dawo daga Maraɗi da takardar diplom ta aikin ordinater, wato kwamfuta, ya zagaya duk wani biro, ofishin gwamnati ko na kamfani, da ya ji labarinsa a Tasawa, bai samu gurbi ba. A ƙarshe Madam Espérance, wata mata ƴar majami'arsu, ta ɗauke shi a shagonta na buga takardu da fotokopi kusa da tasha. Fasto kuma ya ba shi ɗan ɗaki a bayan majami'a, da sharaɗin ya riƙa share ta kafin Lahadi. Majami'ar ƙarama ce. Tsaransa da ke cikinta sun tafi ci-rani ko sun yi aure, waɗanda suka rage kuwa dattawa ne manoma, masu gaishe shi cikin mutunci bayan sujada su kama hanyar gida. Iyayensa suna Attantané. Mahaifiyarsa Altiné takan kira ta tambaye shi abin da ya ci, kafin ya gama ba ta amsa kuɗin kiranta ya ƙare.

A lokutan da shago ya yi shiru, Sila ya riƙa gina wani wasa na salula a kan tsohuwar ordinater ɗin Madam. Ya sa masa suna Mashaya. Mai wasa yakan fara da ƴan shanu kaɗan, ya kora su daga rijiya zuwa rijiya cikin rani, ya kauce wa gonakin mutane da damina, in ya iya kiwo garken ya ƙaru. Da yake yawancin waɗanda yake so su yi wasan ba su karatu, bai sa rubutu a ciki ba, sai hotuna da murya.

Muryoyin kuwa na gaske ne. Tun Sila yana ƙarami, iyalin wani makiyayi sukan sauka a gonar mahaifinsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. A nan ya san Namadi, ɗan gidan, suka tashi tare, ɗaya yana zuwa lakwal karatun boko, ɗaya yana bin shanu. Namadi ne ya tsaya masa ya ɗauki kukan shanunsu ɗaya bayan ɗaya, shi ne kuma ya yi fito da kiran da ake ji a wasan in an tara garke. Inna, mahaifiyar Namadi, ita ta raɗa wa shanun wasan sunaye.

Wasan bai yi kasuwa ba. Ƴan mutane suka saya, Sila ya sa musu a salula da hannunsa, suka tafi, bai ƙara jin duriyarsu ba. Namadi kaɗai ne ya ci gaba da kira. Duk inda ya samu tudu mai rezo, inda salula ke kamawa, sai ya hau ya buga, yawanci da hantsi, lokacin da shanu suka nutsu da ci.

"Kaɗo, kana da rai?"

"Ina nan, Bahillace. Yau ina kake?"

"Inda ba ka iya zuwa da takalmanka na biro. Saurara. Saniyar nan taka, Wule, ta shiga gonar wake ta fito ba ta taɓa ko ganye ba. A wace ƙasa ka ga saniya mai kunya haka?"

"Kuskure ne, zan gyara."

"Kada ka gyara. Ka aiko min ita, in ba ka tawa."

Sukan ɗauki lokaci a haka, daga zancen wasa su gangara zancen ciyawa da tsadar dussa, da wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Sila bai taɓa gaya wa kowa ba, amma da wannan kiran yake auna makonsa. In ya zo, sauran kwanakin sukan yi sauƙi. In ya jinkirta, sai ya riƙa ajiye salularsa a gefen injin fotokopi, fuskarta sama, yana aiki yana satar kallonta.

Wata rana ya je kasuwa neman wayar sharji, ya tsaya a teburin wani dillalin tsofaffin salula mai suna Lurwanu. Yana tsaye sai ya ji fiton Namadi yana fitowa daga hannun wani mai ciniki. Lurwanu yana nuna wa mutumin fuskar salular yana cewa, "Dubi garke. Wanda ya sayar min ya shekara yana kiwonsu. Wagga ba kuɗinsu ɗaya da wadda ba komai ciki ba."

Sila ya jira mutumin ya biya ya tafi, sannan ya yi gyaran murya ya ce shi ne ya yi wasan.

"Kai ne? To madalla, Mushe," in ji Lurwanu, yana kiransa yadda ake kiran ƴan boko. "Ai abin naka ya karɓu. Yana tafiya sosai. Ran kasuwar Urafane har tambayarsa ake."

"Abin da ya sa na yi magana ke nan. Kana ƙara kuɗin salula saboda aikina, ni kuwa ba na ganin komai. A ganina, duk lokacin da aka sake sayar da shi, ya kamata wani abu ya dawo wa wanda ya yi shi."

Lurwanu ya ƙwanƙwasa teburinsa da yatsa. "Wanga tebur hannun wani mai shayi na saye shi. Har yau kafinta bai zo ya ce in ba shi nasa ba."

"Tebur yana tsufa. Wanda ya saye shi hannu na biyu ya san ya samu abin da ya ragu. Wasa ba ya raguwa. Na biyu ya samu daidai abin da na farko ya samu, shi ke nan ba shi da dalilin zuwa wurina."

"Da bai same shi nan ba, wurinka za shi? Ya san ka? Ya san ƙofar shagonku?" Lurwanu ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "An biya ka sau ɗaya, ka ce ka sallama. Mutum ya ba da kuɗinshi, abu ya zama nashi, in ya so ya sayar, in ya so ya jefa rijiya. Kuma ka duba da kyau, ba wasanka suke saye ba. Shanun da wani ya sha wahalar kiwo suke saye."

"Ba don na gina wurin ba, da ina za a yi kiwon?"

"To ka je ka ɗaure wurin naka da igiya. Ga wayarka, ta ƙwarai ce, na rage maka."

Sila ya kwashe kwanaki yana juya maganar. Ya amsa wa Lurwanu a zuciyarsa sau da yawa, da hujjojin da ba su zo masa a gaban teburin ba. Ba kuɗin kaɗai ne ke cinsa ba. Abin da ya fi damunsa shi ne, akwai mutane a ƙauyukan Tasawa da Mayahi da ke kiwon shanunsa kullum, ba wanda ya san akwai wani Sila. Ya ga cewa in dole sai sun neme shi kafin wasan ya buɗe, za su biya ɗan abin da ya dace, za su kuma kira.

Sai ya yi wa wasan makulli. Ya yi tunanin yadda wasa zai gane an sayar da salula, ya ga hanya mafi sauƙi ita ce pus, ɗan katin nan da ke ɗauke da lambar mutum: wanda ya sayar da salula yakan zare nasa, mai saye ya sa nasa. Saboda haka in wasan ya ga pus ya canza, sai ya rufe garke har a biya dala ɗari a karɓi lambar buɗewa. Da yake babu rubutu a wasan, sanarwar ma da murya ya yi ta. Ya rufe ƙofar shago da azahar, ya maimaita har ta fita yadda yake so, cikin ladabi: "Sannu, baƙo. Wannan salula ta canza hannu. Shanun nan ba naka ba ne tukuna. Ka biya wanda ya yi wasan haƙƙinsa, sannan ka kora su."

Ya gwada a salularsa, ya gwada a ta Madam, komai ya tafi daidai. Don mutane su karɓi sabon wasan su yar da tsohon, ya ƙara abin da Namadi ya daɗe yana roƙo, wato shanu su riƙa haihuwa ana ganin maruƙa suna bin uwayensu. Namadi ne na farko da ya tura wa. Bai ambata masa makullin ba, don a ganinsa abu ne da bai shafe shi ba.

Namadi ya kira bayan ƴan kwanaki, yana ta murna, ya ce maruƙan sun yi kama da karnuka amma ya yafe. Ya ce za su gangara kudu neman ciyawa. Daga nan kira ya ɗauke.

Mako ya wuce, wani ya bi shi. Sila ya gaya wa kansa cewa rezo ne. Ya buga lambar Namadi, aka ce a rufe take. Ya duba salularsa don ya gwada ɗaya lambar, domin Namadi lamba biyu gare shi: ɗaya tana kamawa a arewa, ɗaya sai an yi kudu, yakan zare wannan ya sa waccan gwargwadon inda shanu suka kai shi. Sila ya tsaya yana kallon lambobin nan biyu, ɗaya a kan ɗaya, dukansu da sunan Namadi, shi da kansa ya ajiye su tun da daɗewa. Injin fotokopi yana ta fitar da takarda a bayansa, bai juya ba sai da Madam ta kira sunansa.

Ya buga lamba ta biyu. Ta shiga, ba a ɗauka ba. Ya sake bugawa washegari, haka.

Ana nan sai Na Allah, direban motar da ke kai ƴan kasuwa Urafane, ya leƙo shagon ya ajiye masa kuɗi a kan tebur, ƙulle a ƙyalle.

"Wani Bahillace ya ba ni, Namadi. Ya ce in kai wa mai wasa haƙƙinshi."

"Bai ce komai ba bayan haka? Bai ce in aika masa lambar buɗewa ba?"

"Abin da ya ce ke nan. Ni na ɗauka ma mai wasan kalangu ne, sai da ya kwatanta min shagon."

Sila ya roƙi Madam ta ba shi ranar kasuwar Urafane. Ta dube shi ta ce ya tafi, amma ya ci abinci kafin ya hau mota, don fuskarsa ba ta yi mata ba.

Ya isa da hantsi. Ya fara bi ta rumfar masu nono, ya tarar da Inna zaune bayan ƙwaryarta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa da sakin fuska, ta tambayi Altiné da gona, ta dama masa fura ba tare da ya nema ba.

"Inna, Namadi fushi yake da ni?"

"Ya ce maka yana fushi?"

"Bai ce min komai ba. Shi ne abin."

Ta kore ƙuda daga bakin ƙwarya. "Ni ban san kan abubuwanku na salula ba, ɗana. Abin da aka gaya min, a bakin wata rijiya can kudu ya tara mutane, makiyaya da ba su san shi ba, yana gaya musu abokinshi ne ya yi abin, har kukan saniyarmu yana ciki. Ya ce su matso su ji. Suka matso. Sai muryarka ta fito ta ce mishi baƙo."

Sila ya ajiye ludayin.

"Sun yi dariya," in ji ta. "Shi ma ya yi. Sha furarka. Yana kara, wajen bisashe."

Ya same shi a gefen kasuwar dabbobi, jingine da sanda, yana kallon cinikin wani bijimi da ba nasa ba. Namadi ya gan shi tun daga nesa, ya taho ya ba shi hannu, ya jero gaisuwa cikakkiya, ta gida da ta aiki da ta gajiyar hanya, kamar yadda ake yi wa mutumin da ake girmamawa.

"Mushe Sila, ka sha hanya. Zo mu samu inuwa."

Suka zauna a kan benci wurin wani mai shayi. Sila ya yi bayanin da ya shirya tun a mota, bi da bi: Lurwanu, da tsofaffin salula, da yadda ya zaɓi pus, da yadda ya manta cewa makiyayi yakan canza pus ba tare da ya sayar da komai ba. Ya ce makullin ba don shi aka yi ba. Ya fito da ƙyallen ya ajiye a tsakaninsu.

Namadi ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. "Na san ba don ni ka yi ba," ya ce. "Tun a bakin rijiyar na sani."

"To me ya sa ka aiko da kuɗin?"

"Ka ce haƙƙinka ne. Na zauna na duba, na ga gaskiyarka. Ka yi aiki."

"Ba a kanka ba. Rabin abin da ke cikin wasan naka ne. Fiton naka ne, shanun naku ne."

"Waɗannan ba sayar maka na yi ba, balle mu yi lissafi." Ya ɗauki ƙyallen, ya kwance, ya miƙa wa mai shayi ya ce ya haɗa musu da madara da burodi, canjin ya riƙe. "Ka gani, ya wuce. Kada ka sa shi a rai."

Sila ya so a ce Namadi ya zage shi, ko ya yi masa ba'a a kan takalmansa. Ya jira, suna shan shayi, Namadi yana ba shi labarin ciyawar kudu cikin natsuwa, yana amsa duk abin da aka tambaye shi, ba ya ƙari.

"Kawo salular in buɗe maka garken yanzu," in ji Sila. "Zan kuma cire makullin gaba ɗaya, ga kowa."

"Ai na sayar da ita. Da safen nan, wurin mutumin nan mai tebur." Ya zaro wata ƙaramar salula mai maɓallai daga aljihu ya nuna masa. "Wagga ta fi riƙe sharji. Kuma ruwa ya kusa, za mu yi arewa, mu wuce El Allassane Maïreyrey. Can ba a samun wurin sharji, wasa sai ya zama kaya."

"Garken da ka shekara kana tarawa?"

"Wani ya kiwata. Na gaske ma haka suke tafiya."

"Lambobinka suna nan yadda suke?"

"Ɗaya ta lalace. Na sayi sabon pus, ban riƙe lambar a ka ba tukuna. In na hau tudu zan yi maka bip, in buga in kashe, ka gani ka ajiye."

Wani ya kira Namadi daga cikin kara. Ya miƙe, ya sake ba Sila hannu, ya ce a gaida Baba da Inna Altiné, ya ce Allah ya kai shi gida lafiya. Sila ya bi shi da kallo har hularsa ta shige cikin sauran huluna.

Ya ga teburin Lurwanu a bakin hanyar tasha, mutane sun kewaye shi, ya ratsa ta bayan rumfuna don kada su haɗu. Motar Na Allah ba ta cika ba. Ya shiga ya zauna a baya, kusa da buhunan wake, salula a tafin hannunsa. Rana ta karkata, masu kaya suna ta lodi, ana jayayya a kan kuɗin akuya.

Salular ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Baƙuwar lamba ce. Sila ya buga nan take, har yatsansa yana kuskure maɓalli.

"Salamu alaikum," in ji wata murya da bai sani ba. "Kai ne mai wasan shanu? Sunana Mahaman. Na sayi salula yanzu a kasuwa, na sa pus ɗina, sai wani ya ce min baƙo, wai in biya. Mai tebur ya ba ni lambarka, wadda mai salular ya bar mishi da safe, ya ce in yi da kai."

Sila ya ce, "Ni ne. Ba sai ka biya ba. Ka danna abin da zan faɗa maka." Ya karanta masa lambar buɗewa a hankali. Ta cikin wayar ya ji fito ya tashi, shanu suka amsa.

"To, ga su nan. Kai, suna da yawa. Na gode."

"Dakata kaɗan. Akwai wata mai farin goshi, Wule. In ta shiga gona ba ta ci, kada ka ɗauka salular ce ta lalace. Kuma rijiyar da ke bayan dutse tana da wuyar kaiwa, sai ka bi ta hagu. In ka isa can, ko ka ga wani abin da bai yi daidai ba, kana iya kirana. Ko bip ka yi, ni zan kira."

"In kira ka in ce mi?" Mutumin ya tambaya, da gaske yake tambaya, ba da raini ba.

"Ko mene ne. Yadda kiwon yake tafiya."

"To, ba laifi. Ɗiyata na saya wa, ita za ta riƙa yi. Sai an jima, Malam."

Ya kashe. Sila ya daɗe yana duban lambar, yana tunanin ko ya ajiye ta, da kuma sunan da zai sa mata. Na Allah ya buga jikin motar ya ce a matsa, akwai sauran mutum ɗaya. Sila ya matsa jikin buhunan ya ba da wuri, motar ta kama hanyar Tasawa.